Atunin da Ba Ya Jin Magani: Tarihin Saɓanin Garkuwar Jiki da Ƙwayoyin Hanji

Kasuwar Mile 12 da ke Ketu ita ce rumbun Legas. Tun kafin kiran assalatu manyan motoci ke sauke tumatir da attaruhu da albasa da tattasai daga Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato, kuma da yawa cikin masu wannan hidima, daga dillalai zuwa 'yan dako, 'yan Arewa ne da 'yan Nijar. A irin wannan cunkoso, inda ruwan sha na saye ne, abinci kuma na bakin titi, ciwon ciki ba baƙo ba ne. Idan gudawa ta zo da jini da majina sai a ce atuni. Idan jini ya biyo bayan bahaya sai a ce basir. A je kemis a karɓo Flagyl, ko a nemi mai maganin gargajiya. Sau da yawa sunan daidai ne, ciwon kuma yakan wuce.

Amma akwai wani kaso kaɗan da nasu ba ya wucewa. Ya lafa wata biyu ya dawo, mutum ya rame, jininsa ya ragu, gaɓoɓinsa su yi ciwo, wani lokaci gyambo ya fito a gefen dubura ya ƙi warkewa. Cikin waɗannan akwai masu fama da cutar kumburin hanji mai naci, wadda likitoci suka kasa gida biyu: cutar Crohn, mai iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura tana cin bangon hanji har zurfinsa, da gyambon babban hanji, wanda ke farawa daga dubura ya hau sama yana cin fatar ciki kawai. An ƙiyasta cewa a 2017 mutum miliyan 6.8 ne ke ɗauke da ita a duniya. An shafe fiye da shekara ɗari kafin a gane cewa ba wata baƙuwar ƙwaya ce ke kawo ta ba. Saɓani ne tsakanin garkuwar jikin mutum da ƙwayoyin da aka haife shi ya tashi tare da su, kuma yanayin wannan saɓani yana da hannu wajen ko magani zai yi aiki ko ba zai yi ba.

Yadda aka raba ta da atuni

A ƙarni na 19 Ingila ma tana fama da atuni, kuma likitocinta suna yi wa duk gudawar jini kuɗin goro. A 1859 wata mata mai suna Isabella Bankes ta rasu kusa da Landan bayan doguwar gudawa, aka tuhumi wani likita, Thomas Smethurst, da ba ta guba. Samuel Wilks na asibitin Guy's ya duba hanjinta ya rubuta cewa abin da ya gani kumburi ne da gyambo na daban, ba irin na atuni ba. Ana ɗaukar wannan rubutu a matsayin mafarin tarihin cutar a likitancin zamani.

Abin da ya ƙara fito da bambancin shi ne gano masu haddasa atunin kansa. A 1875 Fedor Lösch ya ga amiba a bayan gidan wani majinyaci a Rasha, a 1897 kuma Kiyoshi Shiga ya gano bakteriyar atuni a Japan. Daga nan aka samu ma'auni. Idan an duba ba a ga amiba ba, ba a ga ƙwayar Shiga ba, ga kuma gyambo a hanji, to wani abu ne daban.

A 1913 wani likitan tiyata a Gilasgo, Thomas Kennedy Dalziel, ya bayyana majinyatan da hanjinsu ya yi kauri ya ƙanƙance. Ya lura abin ya yi kama da wata cutar hanjin shanu da dangin ƙwayar tarin fuka ke kawowa, sai dai bai samu ƙwayar a jikin mutanen ba. A 1932 Burrill Crohn da Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer na asibitin Mount Sinai a New York suka wallafa bayanin mutum 14 masu kumburin ƙarshen ƙaramin hanji. Babban aikinsu shi ne nuna cewa ba tarin fuka na hanji ba ne, duk da tsananin kamar da ke tsakaninsu. Wannan kama ita ce har gobe babbar matsalar likita a Najeriya.

Da aka gaji da neman ƙwaya ba a samu ba, daga shekarun 1930 zuwa na 1950 wasu suka karkata ga cewa ciwon daga damuwa da halin mutum yake, har aka riƙa tura majinyata wurin likitocin ƙwaƙwalwa. Damuwa tana iya tayar da ciwon, amma bincike ya nuna ba ita ce tushensa ba.

Magani ya riga fahimta

A ƙarshen shekarun 1930 wata likita a Suwidin, Nanna Svartz, ta haɗa maganin kashe bakteriya da wani ɗan'uwan asfirin a ƙwaya ɗaya don ciwon gaɓoɓi. Aka sa masa suna salfasalazin. Sai aka ga yana taimaka wa masu gyambon babban hanji ƙwarai. Sama da shekara talatin ana ba da shi ba a san yadda yake aiki ba. A 1972 aka gano cewa ƙwayar takan wuce ƙaramin hanji a dunƙule, sai ta isa babban hanji bakteriyar da ke wurin su raba ta biyu. A 1977 Azad Khan da Sidney Truelove da abokin aikinsu a Oxford suka nuna cewa ɓangaren asfirin ɗin ne ke kwantar da kumburin. Daga nan aka samu maganin da ake kira mesalazin. Wato tun daga maganin farko, bakteriyar hanjin majinyaci ce ke buɗe masa maganinsa.

A 1955 Truelove da Leslie Witts suka yi gwajin da ya tabbatar cewa kotizon, mai danne garkuwar jiki, yana ceton masu tsananin ciwon. Kafin nan mutane da yawa na mutuwa idan ciwon ya taso da ƙarfi. Wannan ya jawo tambaya: idan danne garkuwa na kawo sauƙi, to da wa garkuwar take faɗa?

Gano abokin faɗan

A cikin hanjin baligi akwai bakteriya kimanin tiriliyan 38, adadin da ya yi kusan daidai da na ƙwayoyin jikinsa gaba ɗaya. Suna narkar da dusa da zaren ganye da jiki ba zai iya narkarwa ba, su fitar da wani sinadari mai suna butiret wanda shi ne babban abincin fatar babban hanji, su kuma tare wa masu cutarwa wurin zama. Tsakaninsu da jini ba komai sai majina da shimfiɗar ƙwayoyin fata guda ɗaya tak. A bayan wannan shimfiɗa rundunar garkuwa take jibge.

Wanda ya san zango zai gane tsarin. Mai gida yana saukar da fatake, ya san na ƙwarai, ya ba su masauki suna cinikinsu yana amfana, amma akwai ƙofar da ba sa ƙetarewa, kuma idonsa na kan ɓarawon da zai saje da su. Idan katangar ta tsage, ko mai gidan ya rasa gane baƙonsa da ɓarawo ya hau kowa da duka, gidan kansa ne zai lalace. Abin da ke faruwa a cutar kumburin hanji ke nan, kuma a hankali aka tattara hujjojinsa.

A 1959 Ove Broberger da Peter Perlmann a Suwidin suka samu makaman garkuwa, waɗanda ake kira antibodi, a jinin yara masu gyambon babban hanji, suna kama fatar hanjin. Daga baya aka ga irin waɗannan makamai suna kama wani nau'in bakteriyar hanji ma. A 1991 Paul Rutgeerts da abokansa a Leuven ta Beljiyam suka lura da abin da ya girgiza fannin. Idan an yanke ɓangaren da cutar Crohn ta ci, aka karkatar da bayan gida ya fita ta jikin ciki, hanjin da ke ƙasa yakan zauna lafiya. Da zarar an mayar da hanya, kumburin ya dawo. A 1998 suka zuba abin cikin hanji a irin wannan ɓangare mai lafiya, cikin kwana 8 alamun kumburi suka bayyana.

Ɓeraye suka cike giɓin. A 1993 aka samar da ɓerayen da aka cire wa ƙwayar gado mai sarrafa wani sinadarin lallashin garkuwa, IL-10, sai suka kamu da kumburin hanji da kansu. A 1998 rukunin Balfour Sartor a Amurka suka reni irin waɗannan ɓeraye a keji marar ƙwaya ko ɗaya, sai ba su kamu ba. Da aka sa musu bakteriyar hanji ta yau da kullum, ciwon ya zo. Raunin gado shi kaɗai bai isa ba, bakteriya su kaɗai ba su isa ba, sai an haɗu.

A 2001 rukuni biyu, na Jean-Pierre Hugot a Faransa da na wasu masana a Amurka, suka gano ƙwayar gado ta farko mai alaƙa da cutar Crohn, NOD2. Aikinta shi ne jin ƙamshin ɓarɓashin bangon bakteriya a cikin ƙwayar jiki. Zuwa yau an gano wurare sama da 200 a jerin gadon ɗan Adam masu alaƙa da cutar, da yawansu kan harkar tsare katangar hanji da mu'amala da ƙwayoyi suke.

Ta ɓangaren bakteriyar ma an ga sauyi. Arlette Darfeuille-Michaud a Faransa ta gano wani nau'in E. coli mai manne wa fatar hanji yana kutsawa ciki a masu cutar Crohn. A 2008 Harry Sokol da abokansa a Faris suka nuna cewa majinyatan da ke da ƙarancin wata bakteriya mai samar da butiret, Faecalibacterium prausnitzii, sun fi saurin ganin ciwon ya dawo bayan tiyata. A 2014 masana a jami'ar Yale suka ware bakteriyar da garkuwar majinyata ta fi lulluɓewa da antibodi, suka sa wa ɓeraye, sai kumburinsu ya tsananta. Garkuwar da kanta tana nuna waɗanda take zargi.

Tabon faɗan a cikin jini

A 1988 likitoci a Dundee ta Sikotilan suka gano cewa jinin masu cutar Crohn da yawa na ɗauke da antibodi mai kama yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi. Ana kiran gwajin ASCA. Ba yana nufin burodin Agege ko wani burodi ne ke kawo cutar ba, domin sukarin da antibodin ke kamawa yana nan a bangon wani naman gwari da ke zaune a hanjin mutane. A 1990 aka gano wani, pANCA, wanda ya fi yawa a masu gyambon babban hanji. A farkon shekarun 2000 aka ƙara wasu masu kama sassan bakteriya, mafi shahara shi ne CBir1 na 2004, mai kama wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita.

Abu biyu aka koya daga waɗannan. Na farko, faɗan yana farawa tun kafin ciwo ya bayyana. Da aka koma kan jinin sojojin Isra'ila da na Amurka da aka adana, an samu waɗannan antibodi shekaru kafin a gano cutar a jikin masu su. Na biyu, yawansu na nuna zafin da cutar za ta yi. Binciken yara a Amurka ya nuna cewa wanda ke da ire-irensu da yawa, kuma da ƙarfi, ya fi saurin samun toshewar hanji ko hujewarsa, ya fi saurin kaiwa ga tiyata. A 2017 Subra Kugathasan da abokansa suka wallafa sakamakon bin yara 913 a Amurka da Kanada. ASCA da CBir1 sun yi alaƙa da rikicewar cutar, kuma fara magani mai ƙarfi da wuri ya rage hujewar hanji, ko da yake bai hana ƙanƙancewarsa ba.

Me ya sa ya yi wa wannan aiki bai yi wa wancan ba

A 1997 Stephan Targan da abokansa suka wallafa gwajin infliksimab, antibodin da aka ƙera don ya kama TNF, sinadarin da ke rura wutar kumburi. A 1998 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don cutar Crohn, a 2005 don gyambon babban hanji. Mutanen da suka shekara a kwance suka tashi, gyambon dubura ya rufe. Bayansa aka samu adalimumab, sai bedolizumab a 2014 mai hana sojojin jini shiga hanji, sai ustekinumab a 2016, sai tofasitinib na haɗiya a 2018.

Sai dai murnar ba ta game kowa ba. Kusan ɗaya cikin uku ba sa jin magungunan TNF tun farko, wasu da yawa kuma su ji sannan su daina ji. Neman dalili ya mayar da masana kan garkuwa da ƙwayoyin hanji. An lura cewa masu pANCA sun fi ƙarancin amsa infliksimab, kuma masu shi da yawa sun fi samun kumburi a jakar da ake ɗinka musu bayan cire babban hanji. A 2017 masana a Oxford suka nuna cewa yawan wani sinadari, onkostatin M, a naman hanji yana hasashen gazawar magungunan TNF, domin wutar irin wannan majinyaci ta wata hanya take ci. A shekarar kuma Ashwin Ananthakrishnan a Boston ya nuna cewa irin bakteriyar da ke hanji kafin fara bedolizumab tana da alaƙa da samun sauƙi, kuma cikin waɗanda suka fi yawa a masu samun sauƙin akwai mai samar da butiret. A 2020 babban binciken PANTS na Birtaniya ya gano cewa masu ƙwayar gado HLA-DQA1*05 sun ninka sauran saurin ƙera antibodi a kan maganin kansa, jikinsu ya ɗauke shi abokin gaba ya kashe masa ƙarfi. A 2023 aka gano cewa wasu bakteriyar hanji suna da sinadaran da ke lalata mesalazin, kuma masu su sun fi ganin maganin ya gaza.

An kuma gwada gyara ƙwayoyin kai tsaye. A Kanada a 2015 aka ɗura wa masu gyambon babban hanji ƙwayoyin da aka tace daga bayan gidan masu lafiya, kashi 24 cikin 100 suka samu lafawar ciwon, a kan kashi 5 na waɗanda aka ba ruwa kawai, kuma yawancin waɗanda suka dace daga mutum ɗaya aka ɗebo musu. A Ostareliya a 2017 aka samu kashi 27 a kan 8. Wannan aikin asibiti ne da ake tantance mai bayarwa da kyau, domin yin sa a gida na iya sa wa mutum cutar da ta fi wadda yake gudu. A yara masu cutar Crohn kuma, ciyar da su abincin ruwa na musamman shi kaɗai na mako 6 zuwa 8 yana kwantar da ciwon ba tare da kotizon ba.

Duk da haka babu gwaji ɗaya da ya kai a dogara da shi wajen zaɓar wa mutum magani. Gwajin PROFILE na Birtaniya da aka wallafa a 2024, kan mutum 386 da aka gano cutar Crohn a jikinsu sabuwa, ya gwada wani ma'aunin jini na hasashe, ma'aunin bai yi amfani ba. Abin da ya yi amfani shi ne lokaci. Cikin waɗanda aka fara wa magani mai ƙarfi nan take, kashi 79 cikin 100 sun zauna lafiya har kusan shekara, a kan kashi 15 na waɗanda aka bi da su mataki-mataki. Ga ƙasar da majinyaci ke shekara yana shan maganin atuni kafin a leƙa hanjinsa, wannan shi ne darasi mafi nauyi.

Daga gero da dawa zuwa abincin leda

A tsakiyar ƙarni na 20 likitocin Turawa da suka yi aiki a Yuganda, irin su Hugh Trowell da Denis Burkitt, sun rubuta cewa da wuya su ga wannan cuta a jikin Baƙar fata, suka danganta hakan da yawan dusa da ganye a abinci. A 1966 mutum huɗu masu gyambon babban hanji a Yuganda sun isa a buga labarinsu a mujallar likitocin Birtaniya. A 2011 likitocin tiyata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka wallafa bayanin majinyatansu, suna tambaya ko har yanzu cutar ba ta da yawa a Najeriya ko dai ba a gano ta ne. A 2012 wani rahoto ya fito daga manyan asibitoci uku na Kudu. Likitocin yara na LUTH, asibitin koyarwa na Legas da ke maƙwabtaka da tsohuwar unguwar Hausawa ta Idi-Araba, su ma sun ba da rahoton yaran da suka gani da ita. A 2022 masana daga ƙasashen Afirka da dama suka yi bitar halin da ake ciki a kudu da Sahara, suka nuna cewa cutar na ƙaruwa, kayan gano ta kuma sun yi ƙaranci.

Haka ta faru a wasu wurare. Japan da Koriya ta Kudu da Sin da Indiya duk an taɓa cewa ba su da ita, sai ta yaɗu tare da bunƙasar birane. 'Yan asalin Indiya da suka zauna a Leicester ta Ingila sun kamo Turawan wurin a yawan gyambon babban hanji, har sun wuce su. Gado ba ya sauyawa cikin ƙarni ɗaya. Abinci da muhalli da ƙwayoyin hanji su ne ke sauyawa.

A 2010 Carlotta De Filippo da abokanta suka kwatanta yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da yaran birnin Florence na Italiya. Hanjin yaran ƙauyen ya fi yawan ire-iren bakteriya, ya fi yawan masu narkar da dusa, ya fi samar da butiret da danginsa. A 2018 Funmilola Ayeni ta Jami'ar Ibadan da abokanta suka ga irin wannan bambanci tsakanin manoma 'yan ƙabilar Bassa da ke kusa da Abuja da mazauna biranen Najeriya. A 2015 Stephen O'Keefe ya musanya abinci tsakanin Baƙaƙen Amurka da mutanen karkarar Afirka ta Kudu, cikin mako biyu kacal ƙwayoyin hanjinsu da alamun kumburi suka juya. A 2021 wani bincike kan mutum sama da 116,000 a ƙasashe 21 ya samu cewa masu yawan cin abincin masana'anta da lemon kwalba sun fi kamuwa. A Denmak an ga yaran da aka yawaita ba su maganin kashe bakteriya sun fi samun cutar Crohn. Shan taba kuma yana ƙara haɗarinta yana tsananta ta.

Hausawa sun kafu a Agege ta Legas ne ta cinikin goro da layin dogo da ya haɗa Legas da Kano a 1912, kuma sun taho da abincinsu: tuwon dawa, miyar kuka, daddawa, fura da nono, kunun tsamiya. Jikokinsu a Agege da Ketu da Idi-Araba yau sun fi tashi da shayi da burodi, taliyar leda da lemon kwalba, ga maganin kashe bakteriya da ake saye ba takardar likita duk lokacin da ciki ya murɗa. Irin sauyin da ya gabaci yaɗuwar cutar a wasu ƙasashe ke nan, kuma yana faruwa a Kano da Maraɗi kamar yadda yake faruwa a Legas.

Abin da ba za a kwafo daga waje ba

Kusan duk ilimin hasashen nan a kan jinin Turawa da bayan gidansu aka gina shi. Sauye-sauyen NOD2 guda uku da suka shahara a Turai ba su cika samuwa a 'yan Afirka ba, kamar yadda ba a samun su a Japan. Binciken Indiya ya nuna cewa ASCA na fitowa a masu tarin fuka na hanji ma, don haka ba ya raba su da masu cutar Crohn. Gwajin kalprotektin na bayan gida, mai nuna kumburi, yana hawa idan akwai amiba ko wata ƙwaya. Garkuwar da ta girma da tsutsar ciki da zazzaɓin cizon sauro da taifot ba lallai ta yi magana da harshe ɗaya da ta ɗan Oxford ba.

Haɗarin kuskure ma ya fi girma a nan. A 2001 aka ba da rahoton mutum 70 da tarin fuka ya taso musu bayan infliksimab, domin TNF na cikin abin da ke ɗaure ƙwayar tarin a jiki. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi fama da tarin fuka a duniya, kuma kimanin kashi 8 cikin 100 na manyanta na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda shi ma ke tashi idan an danne garkuwa. Ba wa mai amiba ko mai tarin hanji kotizon na iya kashe shi. Shi ya sa likita kan fara da gwajin bayan gida, hoton ƙirji, gwajin hanta da na ƙanjamau, sannan a zura na'urar leƙa hanji a ɗebo ɗan nama a duba. Inda shakka ta rage, akan ba da maganin tarin fuka na wata biyu zuwa uku a sake leƙawa.

Saboda haka aiki uku ne a gabanmu. Na majinyaci da danginsa: gudawar da ta wuce mako huɗu, ko jini da majina da suka dawo bayan an sha magani, ko rama da ƙarancin jini tare da ciwon ciki, a kai su babban asibiti irin na Gbagada ko LASUTH da ke Ikeja ko LUTH, a nemi ganin likitan ciki da hanji, kada kunya ta sa a ci gaba da kiransa basir. Na masu kemis da shugabannin kasuwa da limamai: su daina sayarwa ko yarda da maganin kashe bakteriya zagaye bayan zagaye ga ciwon da ke komowa, su tura mutum asibiti. Na hukumomi da ƙungiyar likitocin ciki da hanta ta Najeriya, SOGHIN, da jami'o'inmu: a ƙara na'urorin leƙa hanji da masu duba nama, a sa mesalazin da 'yan'uwansa cikin inshorar lafiya, a buɗe rajistar majinyata, a adana jini da bayan gidansu da yardarsu, domin a san wace bakteriya garkuwar ɗan Najeriya ke faɗa da ita, kuma wane magani ya fi karɓarsa. Ƙasashen da cutar ta riga mu isa sun gane darajar ƙwayoyin hanjinsu ne bayan sun yi asarar da yawa daga cikinsu. Namu suna nan a cikin masu cin gero da dawa, kuma akwai sauran lokacin nazarinsu da kiyaye su.